Salsalar Amina Ta Zazzau A Idon Ilimin Halittu

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihi ya ji cewa Amina 'yar Bakwa Turunku ce, ƙanwarta kuma Zariya, wadda aka ce birnin Zariya sunanta ya ci. Sai dai in aka ɗauko littattafai aka jera, nan take lissafi zai rikice. Tarihin Kano ya ajiye Amina a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, har ya ce Sarkin Nufe ya aika mata da bābānni 40 da goro 10,000. Jerin sarakunan Zazzau kuwa ya kawo Bakwa wajen 1536, masu bin sa kuma suka ce Amina ta hau gado wajen 1576, bayan ɗan'uwanta Karama. Tsakanin maganganun biyu akwai shekara kusan 150. In muka ɗauka ana haihuwa a shekara 25 zuwa 30, wannan tazara ce tsakanin mace da jikar tattaɓa-kunnenta, har da ɗoriya. Shi kansa Bakwa, wasu ruwayoyi sun ce namiji ne, wasu sun ce mace.

Ba abin mamaki ba ne. Mu Hausawa ta wajen uba muke ƙirga asali. Ɗalibi a Batsari ko Safana zai iya kawo kakanninsa maza huɗu ko biyar, amma tambaye shi sunan kakar mahaifiyarsa, ka sha kallo. Aure ya kai ta wani gari, alkunya kuma ta rufe sunan yankanta da laƙabi, har aka manta.

To, abin da baki ya manta, jiki ya adana. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira maitokondiriya, su ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Suna da nasu sinadarin gado na DNA, mai haruffa 16,569 kacal. Abin lura shi ne, daga ƙwan uwa kaɗai ɗa yake samunsu. Na uba ba sa wucewa. Namiji yana ɗauke da na uwarsa amma a kansa suke tsayawa, 'ya mace ce ke miƙa su gaba, kuma sukan yi ɗaruruwan shekaru ba su sauya ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

An gwada wannan a kan wata gimbiyar Jamus, Alexandra ta gidan sarautar Hesse, matar sarkin Rasha na ƙarshe, wadda aka kashe tare da iyalinta a 1918. Da aka tono wasu ƙasusuwa kusa da Yekaterinburg a 1991, sai aka nemi jinin Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, domin kakarsa ta wajen uwa yayar Alexandra ce, uwa ɗaya. Sakamakon da aka buga a 1994 ya nuna sun dace. Amma mai karatu ya lura: takarda ce ta nuna wa masana wanda za su nema, don gidajen sarautar Jamus sun daɗe suna rubuta 'ya'ya mata da inda aka aurar da su.

Ruwaya ta ce Amina ba ta yi aure ba, ba ta bar baya ba. In haka ne, nata layin ya tsaya a kanta, sai dai a bi ta Zariya, muddin uwarsu ɗaya. Ka san gidan sarauta ba ya rasa 'yan uba. Sannan a samo jerin uwa da 'ya wajen 15 zuwa 20 wanda bai tsinke ba har yau. Ga kuma batun ƙashi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa a Atagara ta rasu, amma ba a tabbatar da kabarinta ba, zafin ƙasarmu kuwa yana saurin lalata DNA fiye da sanyin Rasha.