Kafin Ka Sayi Risiba, Fara Sanin Tauraron Da Kake Nema

A kasuwannin kayan lantarki na Kano da Kaduna da Maraɗi, tallan risiba kusan iri ɗaya ne a bakin kowane mai shago: tana kama tashoshi ɗaruruwa, kuma babu kuɗin wata. Maganar gaskiya ce, sai dai rabinta aka faɗa, kuma rabin da aka bari shi ne yake jawo wa magidanta asara. Mutum zai zuba kuɗinsa a kan akwati mai kyalli, ya kai gida, sannan ya fara tambayar wane dish zai ɗaura, ina zai fuskantar da shi, me kuma zai gani a ciki. Kallon talabijin kyauta ta tauraron ɗan adam abu ne mai amfani ƙwarai ga gidan talaka da na mai matsakaicin ƙarfi, amma sai an bi shi daki-daki. Ana farawa da tashoshin da iyali suke so, daga nan a gano tauraron da yake ɗauke da su, shi kuma tauraron ya nuna girman faifan, wato dish ɗin, da za a saya, a nemi mai saiti na ƙwarai, risiba kuwa ta zo a ƙarshe. Yawancin masu cewa sun gwada abin bai yi ba, ta wutsiya suka kamo shi.

Dalilin wannan jeri yana cikin yadda abin yake aiki. Taurarin da ke watsa talabijin suna jere ne a sama da layin da ya raba duniya biyu, a nisan kusan kilomita 35,786 daga ƙasa. A wannan nisa tauraro yana kewaya duniya daidai da saurin juyawarta, saboda haka mai kallo daga doron ƙasa yana ganinsa tsaye cak a wuri ɗaya dare da rana. Marubucin nan ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya yi bayanin amfani da wannan da'ira don sadarwa tun a 1945, kafin a harba ko tauraro ɗaya. Tunda ba sa gusawa a idonmu, kowane tauraro yana da adireshinsa da ake faɗa da digiri, gabas ko yamma. Faifai ɗaya mai LNB ɗaya, wato ɗan abin nan da ke maƙale a bakin sandar dish, adireshi ɗaya yake kallo. Duk tsadar risiba, ba za ta kawo tashar da ba ta kan tauraron da faifan yake fuskanta ba. A kan tauraro ɗaya kuma akwai tashoshin da masu su suka bari a buɗe, akwai waɗanda aka kulle sai mai kati ko mai biyan kuɗin wata. Na buɗen su ne ake nufi da kyauta, kuma kallonsu ba sata ba ne, don masu su da gangan suka sake su, suna samun kuɗinsu daga talla, ko daga gwamnati, ko daga gudummawar mabiya.

To, wane tauraro? A nan ne ya kamata maigida ya zauna da iyalinsa kafin ya taɓa aljihu. Gidan da burinsa ganin sallar Harami kai tsaye daga Makka da Madina, da tashoshin karatun Alƙur'ani da labaran Larabci, hankalinsa zai koma kan Nilesat na ƙasar Masar da ke digiri 7 yamma, ko taurarin Badr na kamfanin Arabsat da ke digiri 26 gabas. Gidan da ke son tashoshin Hausa da na ƙasashen Afirka ta Yamma zai fi duba Eutelsat 16A da ke digiri 16 gabas. Tashar AREWA24, wadda ta fara aiki a 2014, ta tauraro kyauta ta fara shiga gidaje kafin ta hau manyan kamfanonin biyan kuɗi, haka kuma tashoshin wa'azi irin su Sunna TV da Manara TV da Africa TV3 ta wannan hanya suka kai ga jama'a. A digiri 28.2 gabas akwai taurarin Astra, inda Multi TV ta ƙasar Gana take watsa tashoshinta a buɗe tun 2009, abin da ya sa Hausawan zangon Kumasi da Akara suka san shi sosai. Najeriya ma tana da nata, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011 ya zauna a digiri 42.5 gabas, bayan na farkon da aka harba a 2007 ya mutu a 2008 saboda matsalar lantarkinsa.

Sanin sunan tauraro kaɗai bai isa ba, domin kowane tauraro yana haska wani yanki ne na duniya kamar tocila. Wanda ke tsakiyar hasken ƙaramin faifai ya ishe shi, wanda ke gefe sai ya nemi babba. Astra yana da hasken da aka nufo Afirka ta Yamma da shi, don haka faifai mai faɗin santimita 60 zuwa 90 yakan wadatar. Nilesat kuwa Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka aka nufa da shi, mu a bakin haskensa muke, kuma gwargwadon yadda mutum ya yi kudu gwargwadon yadda zai buƙaci faifai mafi girma. Abin da ya yi aiki a Agadas ba lallai ya yi a Abuja ba. Lissafin girman yana da ban sha'awa: idan aka ninka faɗin faifai sau biyu, siginar da yake tarawa tana ninkuwa sau huɗu ne, kuma faifai mai santimita 90 yana tara fiye da ninki biyu na abin da mai santimita 60 yake tarawa. Shi ya sa 'yan kuɗin da aka ƙara wajen sayen faifai mafi girma suka fi amfani nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka ƙara wajen sayen risiba mai ado. Hanya mafi sauƙi ta sanin girman da ya dace ita ce leƙa gidajen maƙwabta, a ga wane faifai suke kama tauraron da shi, a kuma tambaye su yadda yake yi musu a watan Agusta.

An ambaci Agusta ne saboda ruwan sama. Yawancin ƙananan faifai suna aiki da zangon da ake kira Ku, daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75, kuma ɗigon ruwa yana shanye sigina a wannan zango. Da hadari ya haɗo sai hoto ya fara kakkaryewa, ya ɗauke. Zangon C, wanda ke wajen gigahaz 4, ruwa bai cika damunsa ba, amma yana buƙatar babban faifai mai mita 1.8 ko fiye, irin na raga da ake gani a otal-otal da tsofaffin gidaje. Ga mai farawa, Ku da faifan da ya ɗan zarce mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne daidai, domin wannan rarar ita ce take riƙe hoto idan an fara yayyafi.

Aikin saiti shi ne inda aka fi yin sakaci, alhali nan ne ran abin yake. Tauraron da ke nisan dubban kilomita, kuskuren digiri ɗaya ko biyu ya isa ya ɓatar da shi. A ƙasar Hausa taurarin nan suna sama sosai. Daga Kano, Nilesat da Eutelsat 16A da Astra duk sun haura digiri 60 daga doron ƙasa, Nilesat ta kudu maso yamma, sauran biyun ta kudu maso gabas. Amfanin haka shi ne katanga ko gidan maƙwabci ba su cika tare hanya ba, kuma ba dole sai an hau rufin kwano ba. Sandar da aka kafa a tsakar gida da siminti, tsaye sak, ta fi dish ɗin da aka ɗaure a jikin katakon rufi, wanda iskar farkon damina za ta gusar. Mai saiti na ƙwarai yana zuwa da na'urar auna sigina, yana murza LNB a hankali har ya sami karkatar da ta dace, kuma ma'aunin inganci yake kallo a allo, domin ma'aunin ƙarfi yana iya cika alhali faifan bai kalli komai ba. Waya ma tana da nata hukuncin. Wadda ake kira RG6 mai kauri da raga mai yawa a ciki ita ake so, a guji haɗe-haɗe a tsakiya, a naɗe mahaɗar da ke waje da kyau don kada ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Araha ba ta ado a nan, domin waya maras kyau tana zubar da siginar da babban faifai ya sha wahalar tarawa. Wanda yake son tauraro biyu ko uku ba sai ya sayi risiba biyu ba; akwai ɗan makunnin da ake kira DiSEqC, wanda ke haɗa LNB har huɗu zuwa risiba ɗaya.

Ita risibar, abubuwa kaɗan ake dubawa. A tabbata an rubuta DVB-S2 a jikinta, domin tsohon tsarin DVB-S ba ya buɗe yawancin tashoshi masu hoton HD, kuma a fi son wadda ke karanta H.265, tsarin matse hoto da sababbin tashoshi ke komawa kansa. Ta iya laluben tashoshi da kanta ba tare da an shigar mata da lambobi ba. Idan gidan da sola ko batir yake aiki, mai amfani da bolt 12 ta fi dacewa, kuma wutar da take ci kaɗan ce.

Babban ƙorafin da ake yi shi ne ƙwallo, kuma ƙorafi ne na gaskiya. Yawancin wasannin Gasar Firimiyar Ingila ba sa zuwa kyauta, domin SuperSport a yankinmu da beIN a ƙasashen Larabawa kuɗi masu nauyi suka biya suka sayi izinin nunawa, kuma kulle tashoshinsu suke yi. Har tashoshin gwamnati da ke buɗe kullum sukan rufe siginarsu ta tauraro a lokacin wasu manyan wasanni, saboda izinin da suka saya na cikin ƙasarsu ne kawai. Gidan da ƙwallon Turai ce buƙatarsa ta farko, gara ya biya kuɗin wata ko ya ci gaba da zuwa gidan kallo. Abin da bai kamata ba shi ne a bi masu cewa akwai risibar da ke buɗe tashoshin da aka kulle idan an sa mata wasu lambobi ko an haɗa ta da intanet. Wannan cin haƙƙin masu shi ne, dokar haƙƙin mallaka ta hana, kuma ko ta fuskar aljihu ciniki ne na asara, domin ranar da kamfani ya sauya makullinsa allon zai yi baƙi, wanda ya karɓi kuɗin kuma ba shi da abin da zai mayar.

Ana kuma cewa tashoshin kyauta ba su da tabbas, yau suna nan gobe sun ɓace. Haka ne, yana faruwa, saboda tasha haya take biya a kan tauraro, idan ta kasa biya ko ta sami mai rahusa sai ta tashi. Amma sau da yawa tashar ba mutuwa ta yi ba, lambarta ce ta sauya a kan tauraron nan dai, kuma sake lalube da rimot na 'yan mintoci yana dawo da ita. Shafuka irin su LyngSat suna jera lambobin kowane tauraro ga mai son dubawa. Akwai ma ɗaukewar da ba laifin kowa ba ce: a wajen watannin Maris da Satumba rana takan daidaita a bayan tauraro, hoto ya ɗauke na 'yan mintoci a kwanaki kaɗan a jere, sannan ya dawo da kansa. Wanda bai san haka ba sai ya hau taɓa dish ya ɓata saitin da ba abin da ya same shi.

Masu cewa wayar hannu ta kashe dish suna mantawa da lissafin data. Kallon bidiyo na awa ɗaya da hoto matsakaici yana iya cin abin da ya kusa gigabait ɗaya, kuma mutum ɗaya ne ko biyu ke leƙa allon. Tauraro kuwa bai san yawan masu kallo ba, bai san awa nawa aka yi ba, kuma siginar da ke sauka a Abuja ita ce ke sauka a rugar da ko sandar sabis babu. Ga ƙauyen da eriya ba ta kama komai, wannan ita ce kaɗai hanyar ganin labarai da tafsirin azumi da darussan yara ba tare da an riƙa cire kuɗi kowane wata ba.

Saura damuwar iyaye, kuma ita ce ta fi cancanta a saurara. Lalube ɗaya yana iya zubo tashoshi ɗaruruwa cikin falo, a cikinsu akwai na kaɗe-kaɗe da finafinan da ba kowane gida zai yarda da su ba, akwai na masu tallan maganin ƙarya da masu wa'azin da ke raba kan jama'a. Babu kamfanin da ya tace su, don haka tacewar ta koma hannun mai gida. Kusan kowace risiba tana ba da damar goge tasha, da kulle ta da lambar sirri, da jera waɗanda ake so a gaba. Ya kamata a yi wannan aiki a ranar farko, mai saiti yana tsaye, a sauya lambar sirrin da risibar ta zo da ita tunda yara sun san sifili huɗu ne a yawancinsu, a kulle shafin lalube don kada wani ya dawo da abin da aka goge. Kafin a sallame shi kuma, ya rubuta sunan tauraron da adadin ingancin siginar da aka samu a takarda, ya sa alamar fenti a jikin sanda da mariƙin faifai daidai inda saitin ya tsaya, yadda idan iska ta gusar da shi ɗan gida zai iya mayar da shi kan alamar.