Wayar Mahaifi Bayan Rasuwarsa

A ƙasar Birnin Gwari, har a ƙauye irin Kutemeshi, da wuya ka rasa mutum guda a dangi da ake kai wa waya idan ta ƙi aiki. Galibi shi ne wanda ya ƙwallafa rai a kan kwamfuta tun kafin wayar salula ta yaɗu a Najeriya daga 2001. Yau furfura ta fito masa, sai da tabarau yake karanta ƙananan rubutu. Idan mahaifinsa ya rasu, shi ake miƙa wa wayar marigayi, kuma a ganina babu wayar da ya taɓa riƙewa mai nauyin wannan.

Kafin ya taɓa komai, ya nemi yardar magada, domin wayar tana cikin gado, abin da ke cikinta kuma amana ne. Da sun amince, ya fara da neman bashi. Dattawanmu da yawa ba sa rubutu, sai saƙon murya: kuɗin taki, buhun masara da aka ranta, cikon cinikin sa. Sai an biya bashi ake rabon gado, kuma wani lokaci shaidarsa tana cikin wayar kaɗai.

Daga nan sai gaggawa. WhatsApp kan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a hau ba. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na iya sayar wa wani da lambar. Google ma, daga Disambar 2023, na iya rufe asusun da ya shekara 2 a kwance. Saboda haka a riƙa caza wayar, a bar layin a ciki, a sa masa ɗan kati, har a gama kwashe hotuna da muryoyi zuwa kwamfuta. Muryar nan ta fi komai daraja. Hoto kowa na da shi, amma yadda Baba yake kiran sunan ɗansa, ko yake faɗin iyakar gona, in ya ɓace ba a sake samu.

Ina za a ajiye? Mutumin Birnin Gwari ya san ajiya a intanet kaɗai ba ta isa ba: a ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Kaduna ta sa an katse layukan waya a yankin saboda ’yan bindiga, aka yi kusan wata 2 babu sadarwa. Ajiyar gida ma ba ta isa ba, don wanda hari ya kora ba ya tsayawa ɗaukar kwamfuta. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan’uwa a Kaduna ko Zariya. Memori kuwa yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, don haka a riƙa sabunta kwafin bayan ’yan shekaru.

Saura abin da ya fi wuya ga gwanin, wato tuna nasa tsufan. Ya zauna da Inna ko gwaggonninsa tun suna raye, su faɗa masa sunan kowa a tsofaffin hotuna, ya rubuta. Lambobin sirrinsa ya sa a takarda, ya nuna wa babban ɗansa ko ’yarsa inda take, ya kuma sa su buɗe ajiyar a gabansa har hannunsu ya saba.