Tsayuwa Gaban Jami'in Biza

Duk ɗan Najeriya da ke neman bizar Amurka, ta ziyara ko ta karatu, yawanci sai ya bayyana da kansa a ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja ko ƙaramin ofishinta na Legas. Kafin ranar zai cike fom ɗin DS-160 ta intanet, ya biya kuɗin nema, wanda ya kai dala 185 tun shekarar 2023, kuma ba a mayar wa kowa ko an hana shi. Ranar ganawa za a ɗauki zanen yatsunsa, sannan ya tsaya a gaban taga mai gilashi. Abin da ya yi watanni yana shiryawa yakan ƙare cikin 'yan mintuna.

Me jami'in ke nema a ɗan wannan lokaci? Amsar tana cikin dokar shige da fice ta Amurka ta 1952, sashe na 214(b). Sashen ya ɗauki mai neman bizar ziyara ko karatu a matsayin wanda ke da niyyar zama dindindin, har sai ya gamsar da jami'in cewa zai koma gida. Wato nauyin hujja yana kan mai nema. Shi ya sa tambayoyin suke zagaye abu guda: me zai kai ka, kwana nawa za ka yi, wa zai ɗauki ɗawainiyarka, mene ne sana'arka, wa ka bari a gida. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai shago da iyali da yara a makaranta yana da hujja mai ƙarfi, in dai ya iya faɗinta a taƙaice. Da yawa sukan zo da tarin takardu a hannu, jami'in bai ko duba ba, domin ya riga ya karanta fom ɗin, yanzu bakin mutum yake saurare ko ya dace da abin da aka rubuta.

A nan ne masu dogaro da ejan suke faɗawa rami. An cike wa mutum fom bai karanta ba, an ƙara masa albashi, an rubuta masa matar da bai aura ba, ko an haɗa masa takardar banki ta bogi. Hanin da aka yi a ƙarƙashin 214(b) ba na har abada ba ne, mutum na iya sake biya ya sake nema idan halin da yake ciki ya canza. Amma wanda aka kama da ƙarya da gangan a kan muhimmin abu, dokar ta tanadar masa haramcin shiga ƙasar tsawon rayuwarsa. Abin takaici ne a ce mutumin kirki ya rufe wa kansa ƙofa saboda ƙaryar da wani ya rubuta da sunansa. Tun 2019 fom ɗin yana tambayar sunayen da mutum ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekaru biyar da suka wuce, wannan ma a amsa shi da gaskiya.

Tambayar waɗanda suka riga suka tafi abu ne mai amfani, matambayi ba ya ɓata. Sai dai a san irin tambayar da za a yi. A fara da wace shekara ya nema, kuma wace irin biza, domin ƙa'idojin suna sauyawa. A 2023 aka tsawaita bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa shekara biyar, a watan Yulin 2025 kuma aka rage yawancinta zuwa wata uku, shiga sau ɗaya. Labarin wanda ya tafi shekara goma baya ba lalle ya yi aiki yau ba. A tambaye shi yadda ranar ta kasance, abin da ya ba shi wahala, da abin da ya tarar can: kuɗin haya, sanyi, aiki, kewar gida. 'Yan ci-rani sukan ɓoye wahalarsu don kada hankalin iyaye ya tashi, sai an zauna da su cikin natsuwa suke buɗe ciki. Wanda aka hana ma a neme shi, sau da yawa ya fi wanda ya samu sanin inda matsala take.

Abin da ba a aro shi ne amsa. Jami'in yana ganin mutane da yawa kullum, haddatacciyar magana ba ta ɓoye masa. Mai karatu, kafin ranarka ka karanta fom ɗinka layi-layi, ka duba shafin ofishin jakadancin don sanin ƙa'idar da ke aiki a lokacin, sannan ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, da gaskiyar rayuwarka.