Burodin Zobe: Yadda Ake Gasa Shi da Alkama, Gero da Dawa

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, bayaninmu na wannan fitowa a kan burodi ne.

Kowa ya san yadda kuɗin burodi ya hau. Sababi kuwa shi ne, mafi yawan alkamar da ake niƙawa a yi fulawa a Nijeriya daga ƙetare ake shigo da ita ta jirgin ruwa. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita don a noma ta gida, daga baya aka ɗage hanin. A 2022 kuma yaƙin Rasha da Yukiren ya ƙara mata tsada a duniya. Alhali gero da dawa ga su a rumbunanmu, ga su kuma buhu-buhu a kasuwar Jibiya ran Lahadi, inda fatake ke saye suna bi ta Magama da Ɗan Isa zuwa Maraɗi. To, me zai hana mu rage fulawa, mu cike da hatsinmu?

Akwai wani burodi mai kama da zobe ko gammo, Turawa na kiransa begel. Asalinsa na Yahudawan ƙasar Folan ne, an ambace shi a rubuce a birnin Karako tun 1610, sannan masu ƙaura suka kai shi Niyok ta Amurka. Larabawa ma suna da mai kama da shi a siffa, wato ka'ak na birnin Ƙudus, mai riɗi a baya. Abin da ya bambanta begel shi ne ana tafasa shi kafin a gasa.

Da farko mu fahimci illa guda. Alkama na da wani danƙo wanda ke fitowa in an jiƙa ta an murza. Shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa, har ƙulli ya kumbura. Gero da dawa ba su da wannan danƙo, shi ya sa tuwonsu ba ya tashi. Saboda haka in aka cika su, burodi zai daskare ya riƙa farfashewa. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kashi 4 fulawa, kashi 1 hatsinmu.

Kayan haɗi: fulawa kofi 4, garin gero rabin kofi, garin dawa rabin kofi, yis ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, sukari babban cokali 1, ruwan ɗumi kimanin kofi 1 da rabi, riɗi, da 'yar kanwa.

Na ɗaya, a tankaɗe garin sosai a haɗa. A jiƙa yis da sukari cikin ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, don zafi na kashe yis. In ya yi kumfa, a zuba cikin garin tare da gishiri.

Na biyu, a murza na minti 10. Ƙullin ya zama mai tauri, ba ruwa-ruwa irin na fanke ba. A rufe da tsumma mai tsabta na awa 1, har ya ninka.

Na uku, a raba shi gida 10, a mulmula kowanne, a huda tsakiya da yatsa a faɗaɗa. Hudar ta yi faɗi, don in ya kumbura za ta tsuke. A bar shi ya huta minti 15.

Na huɗu, a tafasa ruwa a tukunya, a tsiyaya ruwan kanwa kaɗan a ciki, kamar dai za a yi ɗanwake. A jefa biyu ko uku, kowane gefe minti 1, a tsame da matsami. Fa'idar tafasawa ita ce tana dafa bayan ƙullin ya ƙame, sai cikinsa ya yi danƙo, bayansa ya yi sheƙi. Kanwa kuwa ita ke ba shi launin ja-ja, amma in ta yi yawa sai ɗaci. A barbaɗa riɗi tun yana da danshi.

Na biyar, gashi. Mai obin ya gasa da wuta mai ƙarfi, minti 20 zuwa 25. Wanda ba shi da shi, ya zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ya bari ya yi zafi, ya ɗora faranti a kan duwatsu uku, ya jera burodin, ya rufe, ya zuba garwashi a kan murfi. Alamar nuna, in an ƙwanƙwasa bayansa a ji ƙara kamar ƙwarya.

Yara, aikin ruwan zafi da garwashi na manya ne; naku shi ne awo da murzawa da huda. Iyaye mata kuma ku yi lissafi: duk kofi 5 na gari, guda ya fito daga rumbu ba daga kanti ba. Ku gwada na gero zalla a wannan mako, na dawa a mako mai zuwa, ku ga wanda gida ya fi so da shayi ko kunu.

Allah Ya sa albarka a abincinmu. Wassalam.