Hattara da Sikanin a Hannun Wanda Bai Koya Ba

Wata matsala na shiga asibitocinmu sanye da farar riga, kuma da yake ta zo da kamannin ci gaba, kowa tafa mata yake yi. Na'urar sikanin da a da sai a ɗaki na musamman ake ajiye ta, ƙarƙashin likitan da ya shafe shekaru yana koyon karanta hotonta, yanzu ta ƙanƙance har tana shiga aljihu. A jona ta da waya, a shafa jel a cikin majinyaci, hoto ya fito. Na'urar ba ta da laifi. Laifin shi ne tana yaɗuwa a guje, koyon aiki da ita kuwa yana tafiyar hawainiya. Duk wanda ya iya kunna ta sai ya ɗauka ya iya karanta ta, kuma a ɗakin imajensi irin wannan zato rai yake ci.

Tun 1958 da Ian Donald ya wallafa bincikensa a Gilasgo kan duba cikin ɗan Adam da sautin da kunne ba ya ji, aikin ya daɗe a hannun ƙwararru. A shekarun 1990 likitocin da ke karɓar waɗanda suka yi haɗari a Amurka suka rungumi gwajin da aka sani da FAST, wato neman jini a ciki tun majinyaci yana kan gado. A Faransa, Daniel Lichtenstein ya nuna cewa har huhu ana iya dubawa, abin da a da ake ganin ba zai yiwu ba. Da aka zo 2018, na'urar hannu ta Butterfly iQ ta shiga kasuwa a kan kusan dala 2,000, masu araha suka biyo baya. Ba a daɗe ba, cibiyar ECRI ta Amurka, mai bin diddigin haɗurran kayan asibiti, ta sanya wannan batu a mataki na biyu cikin jerin haɗurra goma na shekarar 2020, bisa dalilin cewa yaɗuwar sikanin bakin gado ta sha gaban matakan kariya. Idan ƙasar da ake maka likita a kotu kan ƙaramin kuskure tana wannan kuka, ina ga mu da dangin mamaci kan ce kwana ne ya ƙare su ɗauki gawarsu?

A ɗauka an shigo da ɗan acaɓa da mota ta buge, yana dafe da haƙarƙarinsa na hagu. Wurare huɗu ake dubawa: tsakanin hanta da ƙodar dama, kewayen saifa, bayan mafitsara, da jakar da ke lulluɓe da zuciya. Wanda ya koyi aikin ya san cewa jinin farko bai fiye bayyana ba, sai ya taru. Ya san cewa a gefen hagu jini kan ɓuya a saman saifa, ƙarƙashin tantanin numfashi, inda sai an kai bakin na'urar can baya da sama. Ya san sikanin ba ya nuna hanjin da ya huje, ba ya ganin jinin da ke zuba ta bayan ciki. Saboda haka idan bai ga komai ba, zai sake dubawa bayan ɗan lokaci, idonsa na kan bugun jini da awon hawansa. Wanda ya je bitar kwana biyu kuwa zai ɗora na'urar sau ɗaya, bai ga baƙin layi ba, ya juya ya ce wa dangi, "Ku kwantar da hankalinku, babu komai a ciki." Wannan "babu komai" ita ce ke hana a kira likitan tiyata, ita ce ke hana a nemi jini. Da ba a yi sikanin ba sam, da an ci gaba da zargi, da an sa ido. Gani ya kori ji, amma idan ganin na kuskure ne, ya kori har da tsoron da zai ceci majinyaci.

Kuskuren yakan zo ta ɗaya ɓangaren ma. Na'ura ba ta bambanta jini da ruwa, duk baƙi take nuna su. A ƙasarmu da ciwon hanta ya yi yawa, mutum na iya zuwa da ruwa a ciki tun kafin ya faɗi daga babur, a ga baƙi a allo a garzaya da shi tiyatar da ba ya bukata. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, huhunsa kan manne da bangon ƙirji, motsin da ake nema a hoto ya ɓace, sai wanda bai ƙware ba ya ce iska ce ta taru, ya huda ƙirjin bawan Allah ya zura roba. Kitsen da ke gaban zuciya ma kan yi kama da ruwa ga idon da bai saba ba.

Mata ma suna cikin wannan haɗari. Tun shekarun 1970 binciken da aka yi a Zariya ya nuna yadda raunin zuciya bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa, kuma har gobe likitocin zuciya a Kano da Sakkwato suna fama da shi. Mai jego za ta zo numfashi na sama-sama, ƙafa a kumbure, jini ya sauka. A hannun ƙwararre, sikanin minti biyu zai nuna zuciya ta buɗe ta saki, huhu ya jiƙe, a san cewa rage mata ruwa za a yi. A hannun wanda bai koya ba, zai riƙe bakin na'urar a karkace, ya hango wani yanki na zuciya yana motsi, ya ce lafiya lau, ya shiga ɗaura mata ruwa leda bayan leda har numfashi ya gagara. Haka matar da cikinta ya zauna a wajen mahaifa: wani lokaci ruwa kan taru a cikin mahaifar ya yi kama da ƙaramin ciki. A ce mata ta koma gida, ciki na nan daram, kwana kaɗan bututun da cikin ya zauna a ciki ya fashe, a dawo da ita ranga-ranga.

To me ake nufi da koyo? Ba satifiket ɗin da ake rabawa a zauren otal ranar Lahadi da yamma ba. Ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka, ACEP, ta tsara cewa mai koyo ya yi gwaji 25 zuwa 50 a kowane fanni, jimilla 150 zuwa 300, kuma wani ƙwararre ya bi hotunan ya tantance. A Birtaniya, likitan sashen kulawa mai tsanani da ke neman shaidar FUSIC ta duba zuciya sai ya cika kundin gwaji 50 ƙarƙashin malami, sannan a gwada shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 1998 ta fitar da rahoto kan ƙa'idojin horar da masu sikanin, saboda ta lura ingancin aikin ya dogara ne ga hannun da ke riƙe da na'urar. Abin da waɗannan tsare-tsare suka haɗu a kai guda huɗu ne: sanin yadda sauti ke yaudarar ido, iya samar da hoto mai kyau, iya fassara shi, da sanin inda iyakar mutum take. Na ƙarshen nan shi ya fi wuya, shi ne kuma bitar kwana biyu ba ta koyarwa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Likitoci matasa, ku ne na farko a wannan gargaɗi. Sha'awarku ga na'urar abin yabo ce, kuma bidiyon YouTube na iya buɗe muku ido, amma ba zai riƙe hannunku ya gyara muku kusurwa ba. Ku nemi malami. Ku buɗe kundi ku rubuta duk gwajin da kuka yi, ku ajiye hoton, ku bi majinyacin ku ga abin da tiyata ko babban hoto ya nuna. Ku yi wa na'urar tambaya ɗaya mai amsar e ko a'a: akwai ruwa ko babu? Zuciya na matsawa ko ta saki? Idan hoton bai fito ba, ku rubuta cewa bai fito ba. Idan hoto ya saɓa da halin da majinyaci yake ciki, ku bi majinyaci. Ku kuma goge bakin na'urar tsakanin mutum da mutum, don na'urar da ta taɓa jinin wani ta hau fatar wani hanya ce ta yaɗa cuta.

Masu asibitoci masu zaman kansu, ku ji tsoron Allah. Sayen na'ura a miƙa wa duk wanda ke bakin aiki don a ƙara kuɗin kati cin amana ne. Kafin ku biya kuɗin na'ura ku ware kuɗin horo, ku kuma rubuta sunan wanda aka yarje wa ya yi kowane irin gwaji.

Kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, da takwarorinta na Afirka ta Yamma, da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, alhakin shimfiɗa ma'auni yana wuyanku. A sa sikanin bakin gado cikin horon likitocin imajensi, tiyata, haihuwa, yara da masu sa barci, da adadin gwaji sananne da jarrabawa a gaban majinyaci. Likitocin hoto kada su ɗauki lamarin kutse cikin gonarsu, don ƙarfe biyun dare a asibitin ƙaramar hukuma ba su nan. Na'urar ta riga ta shiga hannaye, abin da ya rage shi ne su zama malaman waɗannan hannaye. Hukumar likitoci ta MDCN da ta masu ɗaukar hoto, RRBN, su kuma su leƙa shagunan sikanin da ke tsirowa a lunguna, su tambayi takardar mai riƙe da na'ura.

Jama'a, ku ma kuna da haƙƙin tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta yi sikanin sau ɗaya kafin mako 24, don a san kwanakin ciki, a gane tagwaye, a hango matsala. Yawon shago-shago don jin namiji ne ko mace ba awo ba ne. Idan an ce muku babu komai alhali ciwo na ƙaruwa, jiri na ɗibar majinyaci, ido ya yi fari, kada takardar sikanin ta zaunar da ku a gida. Ku nufi babban asibiti a lokacin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai ɗora na'ura a kan mutumin da jini ke zuba a cikinsa, ya koyi aikin tun kafin wannan dare ya zo. Wanda kuma bai koya ba, ya ajiye ta ya yi abin da ya iya, ya tura majinyaci gaba. Rai amana ne, kuma za a tambayi kowa abin da hannunsa ya aikata.