Yawan lalacewar taransifomar fitilun silin

Fitilun silin masu ƙaramin ƙarfi fitilu ne da ake saka su a cikin silin ɗaki, haskensu yana sauka ƙasa kai tsaye. Da yawansu suna amfani da ƙwai nau'in MR16, mai faɗin milimita 51, wanda ke aiki da bolt 12, alhali wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Saboda haka ake haɗa su da wata ƙaramar taransifoma da ake ajiyewa a saman silin domin ta rage ƙarfin wutar. Wannan daban take da babbar taransifomar unguwa. Idan ta ƙone sau ɗaya, tsufa na iya zama sanadi. Amma idan sabuwa ta sake ƙonewa a wuri guda cikin 'yan watanni, galibi matsalar ba daga ita take ba, kuma canza ta kaɗai ba ya magance komai.

Nau'o'i

Akwai nau'i biyu. Na farko mai naɗin wayar tagulla ne a kan ƙarfe. Yana da nauyi, yana ɗaukar zafi, amma yana jure hawa da saukar wuta. Na biyu shi ne na zamani marar nauyi, mai ƙananan kayan lantarki a ciki. Ya fi araha, shi ya sa ya fi yawa a kasuwa, kuma shi ya fi saurin lalacewa. A jikinsa ana rubuta mafi ƙaranci da mafi yawan nauyin da zai ɗauka, misali 20 zuwa 60 VA, ko 35 zuwa 105 VA.

Yanayin Sabon Birni da Isa

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suna gabashin Jihar Sakkwato, a ƙasar Gobir, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Suna cikin yankin kamfanin Kaduna Electric, mai rarraba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma sararin da ke tsakanin kwano da silin ya fi waje zafi sosai. Ƙurar hunturu tana taruwa a kan kayan wuta ta hana su shan iska, damina kuma tana zuwa da tsawa. Ga shi gidaje da shaguna da yawa sun dogara ga janareta da sola. Duk waɗannan suna rage kwanan taransifoma.

Dalilan lalacewa

Zafi. Shi ne babban dalili. Kafasitar da ke cikin irin waɗannan na'urori tana rasa kusan rabin tsawon rayuwarta a duk ƙarin digiri 10. Taransifomar da aka ɗora a kan bayan ƙwan halojin, ko aka rufe ta da tarkace, ba ta daɗewa. Alamarta ita ce fitila ta mutu bayan ta jima a kunne, ta dawo da kanta idan ta huce.

Nauyin da ya wuce kima. Taransifoma mai 60 VA ƙwai ɗaya mai wat 50 take ɗauka, ko uku masu wat 20. Idan aka canza ƙwan wat 20 da na wat 50 ba tare da an sake lissafi ba, za ta ƙone.

Nauyin da bai kai ba. Ƙwan LED mai wat 5 bai kai mafi ƙarancin nauyin da taransifomar halojin ke buƙata ba. Sai fitila ta riƙa ƙyaftawa, ko ta yi ƙara, ko ta ƙi kamawa.

Sakin haɗi. Ƙwai mai wat 50 a bolt 12 yana jan sama da amfiya 4. Wannan ya isa ya gasa mahaɗin da bai ɗauru ba. Mazaunin ƙwai da ya yi baƙi yana haifar da tartsatsi, wanda ke kashe taransifoma.

Wuta marar daidaito. Ƙaramin janareta yana ɗaga wuta idan aka kashe babban kaya kamar firji ko famfon ruwa. Inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, tana sa na'urar zafi. Idan wayar nutural ta tsinke a layi mai fes uku, wutar gida tana iya haurawa kusa da bolt 400.

Makunnin rage haske. Wanda aka yi domin taransifoma mai naɗin waya ba ya dacewa da yawancin na zamani.

Yadda ake gano matsalar

1. A kashe wuta daga babban makunni, a kashe janareta da inbata, kafin a taɓa komai.
2. A lura da tsarin lalacewar. Idan wuri ɗaya ne kullum, a nemi zafi, nauyi ko sakin haɗi a nan. Idan da yawa suka mutu lokaci guda, a tuhumi wutar da ke shigowa.
3. A haɗa jimillar wat na ƙwayayen, a gwada da abin da aka rubuta a jikin taransifomar. Ya kamata a bar rara, kada a cika ta maƙil.
4. A duba mazaunin ƙwai da mahaɗai. Wanda ya yi baƙi ko ya narke a canza shi.
5. A duba tsawon wayar bolt 12. Masu ƙera na zamani yawanci suna iyakance ta a mita 2.
6. A auna wutar kamfani, ta janareta da ta inbata daban-daban. Ma'aunin wuta na gama-gari ba ya karanta abin da taransifomar zamani ke fitarwa daidai, don haka an fi gwada ta da ƙwai mai kyau.

Magani

Ana ɗage taransifoma nesa da ƙwai, inda iska ke ratsawa. Idan an koma LED, a cire tsohuwar a sa na'urar bolt 12 da aka yi domin LED, ko a koma ƙwan GU10 da ke aiki da bolt 230 ba tare da taransifoma ba. A gidan da ke da batirin sola, ana iya ba fitilun LED masu karɓar wutar batir kai tsaye, da fiyus da na'urar daidaitawa, domin batirin bolt 12 yana kaiwa bolt 14 da ɗoriya lokacin caji. Sitabilaiza da na'urar kare tsawa suna taimakawa inda wuta ke hawa da sauka.

Hatsari

Ƙwan halojin yana iya wuce digiri 200, kuma taransifomar da ke narkewa a kusa da katakon rufi tana iya tayar da gobara. Warin ƙonewar roba ko baƙin tabo a silin alama ce ta a kashe layin nan take, a kira ƙwararren mai gyaran wuta. A Najeriya, hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, hukumar SON kuma tana kula da ingancin kayan lantarki da ake sayarwa.