LAIFIN DUKA DA RAUNI, DA HANYOYIN KARE KAI GABAN SHARI'A

Kowace shekara idan ruwan kogin Haɗejiya ya janye, fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri sukan cika da jama'a. Manomi yana yankan shinkafa, masunci yana jan taru, makiyayi kuma ya gangaro da shanu neman ɗanyar ciyawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala fadama ya ragu, kacala kuma ta toshe hanyoyinsa da yawa. Wuri ya matse, 'yar magana kaɗan sai ta kai ga sanda. Saboda haka ya kamata kowa ya san matsayinsa a gaban doka.

Dokar laifuffuka da ake kira Final Kod, wadda Majalisar Jihar Arewa ta zartar a 1959, ta soma aiki a 1960, ita Jigawa ta gada sa'ad da aka cire ta daga Kano a 1991. A cikinta ba sai mutum ya taɓa ɗan'uwansa ba kafin ya yi laifi. Wanda ya ɗaga gora har abokin faɗansa ya tabbata saukar masa za ta yi, ya riga ya shiga hannu, ko da yake baƙar magana ita kaɗai ba ta isa ba. In an yi rauni, sai a duba irinsa. Karaya, da gocewar ƙashi, da fitar haƙori, da makantar da ido, da ɓata fuska har abada, da ciwon da ya hana mutum sana'arsa kwana 20, duk babban rauni ne. Dokar 1959 ta yanka ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba ga ƙaramin rauni, 7 ga babba, har 14 in da makami aka yi shi. Tun shekarar 2000 kuma kotunan Shari'ar Musulunci na jihar suna duba irin wannan ƙara tsakanin Musulmi, inda ake maganar ƙisasi da diyya.

To, doka ta yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, har da na waninsa. Amma kada ƙarfin da zai sa ya wuce abin da ya isa tunkuɗe cutar, kuma in da sararin kai kuka wurin hukuma, to, babu wannan izni. Manomin da ya kori shanu daga gonarsa bai yi laifi ba. In kuwa ya bi yaron da ke kiwonsu har bakin gulbi ya sare shi, wannan ramuwa ce, alƙali ba zai karɓe ta a matsayin kare kai ba. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Tsokana mai tsanani wadda ta zo farat ɗaya tana rage horo ƙwarai, amma ba ta wanke mai laifi, kuma wanda ya kwana da fushinsa ya dawo da safe ya rasa wannan hanzari.

Wanda aka kama, Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi ikon yin shiru har ya ga lauya. Lalle a kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai ta tsakanin kilomita 40, a kuma ba shi tafinta kyauta in bai ji harshen da ake shari'a da shi ba. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Mai ƙara ne zai kawo hujja. In shi ma wanda ake tuhuma ya ji ciwo, ya nemi takardar likita tun jinin bai bushe ba, ya kuma riƙe sunayen waɗanda suka ga farkon faɗan, gama a kan wanda ya soma ne shari'a takan juya. Matalauci ya nemi hukumar ba da lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976.

Ƙaramin rauni ana iya sulhunta shi in wanda aka cuta ya yarda, dagaci da arɗo sukan taimaka. Babba kuwa sai da iznin kotu. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba ya ɗaukaka ƙara nan da nan, don kwanakinta ƙidayayyu ne.